Bayan an cire furostat: wuraren da hoto yake yaudarar ido

A takardar sakamakon PSA, gwajin jinin da ake bibiyar furostat da shi, wadda labo yake bayarwa, akwai wani ɗan layi a gefe da ke cewa adadin lafiya shi ne ƙasa da 4. An buga wannan layi ne domin namijin da furostat ɗinsa, wato ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsara, take jikinsa. Dattijon da aka cire masa ita baki ɗaya saboda ciwon daji, in ya ga 1,8 kuma ya ga 4 a gefe, sai ya yi hamdala ya ninke takarda ya sa a aljihu, alhali a wurinsa 1,8 babban gargaɗi ne. Furostat ce ke yin PSA. In babu ita, bai kamata a same shi a jini ba. Duk kuskuren da ake yi wajen karanta hoton asibiti bayan aikin tiyata daga wannan adadi yake somawa.

Kafin a rubuta wa mutum kowane hoto, sai an tabbatar da irin aikin da aka yi masa, domin a nan Maraɗi kalmar "an cire mini furostat" tana ɗauke da aiki iri biyu. Akwai wanda ake yi wa mai kumburin tsufa da fitsari ya tsaya masa: a ƙwaƙule tsakiyar ta mara ko a kankare ta ta hanyar fitsari, a bar ɓawon waje a wurinsa. Mai wannan aiki PSA ɗinsa ba zai taɓa komawa sifili ba, kuma naman da aka gani a hoto nasa ne na asali. Akwai kuma na ciwon daji, inda ake ɗauke furostat duka tare da jakunkunan maniyyi, sau da yawa har da kaluluwar ƙugu, sannan a jawo wuyan mafitsara a ɗinke shi da ragowar hanyar fitsari. A kan wannan na biyun nake magana. Takardar bayanin aiki ce ke raba gardama, ba abin da majiyyaci ya tuna ba.

PSA yana raguwa da rabi duk kwana 2 zuwa 3, don haka mako 6 bayan aiki ya kamata ya ɓace. In ya ɓace sannan ya dawo ya kai 0,2 a ma'aunin ng/mL, aka sake gwaji ya tabbata, shi ne ake cewa ciwo ya dawo a jini ko da ido bai gan shi ba. (Takardunmu suna rubuta 0,2, na Katsina da Kano suna rubuta 0.2, duk abu ɗaya ne.) Saurin hawansa ya fi adadin kansa magana. Wanda ya tashi daga 0,2 zuwa 0,4 cikin wata 4 ba ɗaya yake da wanda ya kai 0,3 bayan wata 18 ba. Na farkon ana tsoron ciwon ya yi nisa, musamman in tun asali mai zafi ne, mataki na 4 ko na 5 a ma'aunin ISUP da ake auna zafin ciwon da shi daga 1 zuwa 5. Na biyun ya fi kama da ɗan abin da ya rage a wurin ɗinki. Lissafin nan yana son gwaji 3 aƙalla, kuma a labo guda, saboda injuna ba ma'auninsu ɗaya ba: tsakanin hanyoyi biyu da ake daidaita su akwai bambancin kusan kashi 20 cikin 100. Gwaji ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Katsina, ɗaya a Yamai na iya nuna hawan da babu shi, ko ya ɓoye wanda yake akwai.

Lokacin da PSA yake 0,3, abin da ake nema bai fi ƙwayar gero ko ta wake ba, wani lokaci ma bai kai ba. Eko (hoton da ake ɗauka da sauti) ta mara ba ta ganinsa. Amfaninta ta nuna ko ƙoda ta kumbura ko fitsari yana saura. Eko ta dubura tana iya nuna wani duhu a wurin ɗinki, sai dai ba ta rarrabe tabo da ciwo. Sikana (CT) kuwa girma kawai take aunawa. Kaluluwa ba ta zama abin zargi a wurinta sai gajeren faɗinta ya wuce milimita 8 zuwa 10, alhali yawancin waɗanda ciwon furostat ya shiga da wuri ba su kai haka ba. Hoton ƙashi da ake yi da sinadarin teknesiyom, wanda ake zuwa Yamai dominsa, da wuya ya nuna wani abu in PSA bai kai wajen 7 zuwa 10 ba, sai dai in mutum yana da ciwon ƙashi ko PSA yana ninkawa da sauri. Tura dattijo tafiyar fiye da kilomita 600 da PSA 0,4 don wannan hoto wahalarwa ce kawai, kuma takardar da zai dawo da ita mai cewa "ba a ga komai ba" tana iya yi masa illa.

Ga inda illar take. Maganin da ke iya warkar da ciwon da ya dawo a wurin aiki shi ne gashi da haske, wato radiyoterafi, kuma ya fi ci idan an fara shi PSA bai wuce 0,5 ba. A daidai wannan adadi ne hotuna suka fi makancewa. In aka ce a jira sai hoto ya nuna wani abu, sau da yawa ranar da zai nuna lokacin warkewa ya wuce. Shi ya sa ƙa'idojin likitocin hanyar fitsari na Turai suka ce hoton da bai nuna komai ba kada ya jinkirta gashi ga wanda ya cancanta. Tun 2021 ana yin gashin a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai, don haka wannan magana ta shafe mu kai tsaye.

IRM (MRI, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu) ita ce ta fi kowanne ganin wurin aikin, amma sai an yi ta yadda ya kamata. IRM ta ƙugu ta gama-gari, mai yanka masu kauri, ba tare da allura ba, ɓarnar kuɗi ce a wannan matsala. Ana son yankan T2 (nau'in hoton IRM da ruwa ke fitowa fari a cikinsa) masu kaurin milimita 3 ta fuska uku, tun daga saman mafitsara har gindin azzakari. Ana son hoton yawon ruwa, wanda takardun Faransanci ke kira difiziyon, da adadin b (ma'aunin ƙarfin wannan hoto) mai girma, 1400 ko fiye. Sannan babban cikinsu: a yi allurar gadoliniyom, ruwan da ke haska nama a hoto, 0,1 mmol ga kowane kilo, a tura ta da saurin mililita 2 zuwa 3 a daƙiƙa, a riƙa ɗaukar hoto duk daƙiƙa 15 ko ƙasa da haka. Hoto ɗaya da aka ɗauka minti 3 bayan allura ba ya maye gurbin wannan, domin a lokacin tabo da ciwo duk sun sha ruwan sun yi kama. A duba aikin ƙoda kafin allura. Majiyyaci ya yi bayan gida kafin ya hau injin, saboda iskar dubura tana murɗe hoton difiziyon a daidai wurin da ake dubawa. Allurar Buscopan miligiram 20 tana kwantar da motsin hanji, amma ba a yi wa mai hawan ruwan ido irin wanda ke toshewa farat ɗaya ko mai bugun zuciya da sauri.

Mai karanta hoton ya fara daga wurin ɗinki, inda wuyan mafitsara ya haɗu da hanyar fitsari, don nan ciwo ya fi dawowa. A yankan da ya ratsa wurin, lafiyayyen ɗinki zobe ne baƙi a T2, kaurinsa daidai hagu da dama, da ɗigon fitsari fari a tsakiya. Ciwon da ya dawo ƙulli ne a gefe ɗaya na zoben, launinsa toka-toka, ya ɗan fi tsokar da ke kusa haske. In aka bi hotunan allura ɗaya bayan ɗaya, da zarar jijiyar jini ta cinya ta yi fari shi ma sai ya kama, ya riga duk naman da ke kewaye, daga baya ya soma dusashewa. Tabo kuwa baƙi ne wuluk a T2, a hankali yake shan allura, sai can ƙarshe yake ɗan yin haske. Daga nan a haura bayan mafitsara, a duba gurbin jakunkunan maniyyi, da bakin bututun maniyyi da aka yanke, da gaban dubura.

Kama da wane ba ta wane. Jijiyoyin jini da ke gaban ɗinki, bayan ƙashin mara, suna shan allura da wuri kamar ciwo. Abin da ke tona su shi ne in aka bi su yanka bayan yanka sai a ga doguwar igiya ce, ba ƙulli ba, kuma ba sa haske a difiziyon. Fatar cikin hanyar fitsari tana ɗan yin haske a tsakiya, daidai ta kowane gefe, wannan halitta ce. Sabon naman warkewa a watannin farko yana shan allura da zafi, don haka IRM da aka yi kafin wata 3 bayan aiki tana yawan ƙarya, haka ma bayan an buɗa matsewar hanyar fitsari ko an daɗe da tiyo. Kusan mutum 1 cikin 5 ana samun ragowar jakar maniyyi a jikinsa. Lafiyayyiya tana nan da lanƙwashe-lanƙwashenta da ruwa fari a ciki, ko ta motse ta yi baƙi. Abin zargi shi ne ƙulli a cikinta mai shan allura da wuri. Akan bar ɗan guntun furostat mai lafiya ma, yawanci can ƙasa, wanda ke ba da PSA kaɗan da ba ya hawa ko yake hawa a hankali ƙwarai. Maƙallan ƙarfe da likita ya ɗaure jijiyoyi da su suna yin baƙin rami mai farin baki a difiziyon, farin bakin nan kuma ya sha ruɗar masu karatu. Wannan ne dalilin da ya sa bayan aiki hoton allura yake gaba da difiziyon a hukunci.

Tsarin PI-RR na karanta wannan IRM, da aka fitar a 2021, yana ba da maki 1 zuwa 5 gwargwadon ƙarfin zargin dawowar ciwo, kuma akwai wani abu a cikinsa da ya kamata kowane mai rubuta takardar neman hoto ya sani. Ƙulli mai shan allura da wuri yana samun 5 in yana gefen da ciwon farko yake, yana samun 4 in yana ɗaya gefen ko in ba a san gefen ba. Ke nan takardar binciken naman da aka cire, wadda ta faɗi gefen ciwo da inda wuƙa ta ratsa shi, wani ɓangare ne na hoton. Takardar neman IRM da aka rubuta "furostat, a duba" kaɗai ta ɗaure wa mai karatu hannu.

Akwai tarkon da littattafan Turai ba sa daɗewa a kansa amma mu dole mu daɗe: tsargiya. Namijin da ya yi ƙuruciya yana wanka a gulbi ko tabki na iya kaiwa shekara 65 da mafitsara mai kaurin bango, da ƙurarraji a ciki, da farin layin alli da ke zagaye ta a sikana, har da jakunkunan maniyyi da suka ƙandare. Kaurin da ke kusa da wuyan mafitsara sai a ɗauke shi ciwon furostat da ya dawo. Juyin wannan ma yana faruwa, kuma ya fi muni: tsohuwar tsargiya tana haifar da nata ciwon dajin na mafitsara, wanda ba ruwansa da PSA. Mai fitsarin jini da ƙulli a bangon mafitsara, PSA kuma yana ƙasa, a leƙa mafitsarar da kyamara a ɗebo nama.

Kaluluwa a IRM tana yin fari a difiziyon ko lafiyarta lau, don haka farin kaɗai ba hujja ba ne. A duba siffa: mai tsawo da kitse a cibiya yawanci lafiyayyiya ce, mai zagaye da ta rasa kitsen ita ce abin zargi. Kaluluwar matsematsi kusan kowane manomi yana da ita saboda raunukan ƙafa, kuma ba hanyar da ciwon furostat ya saba bi da farko ba ce. Jakar ruwa mai siririn bango a gefen ƙugu, inda aka kwashe kaluluwa, ruwa ne da ya taru bayan aiki.

A ƙashi, abubuwa uku ne namu. Tarin fuka na ƙashin baya yana cin faifan da ke tsakanin ƙasusuwa biyu ya kama su duka, ya tara mugunya a gefe. Ciwon daji yakan ƙyale faifan ya kama jikin ƙashin da bayansa. Makiyayi mai shan ɗanyar madara a tuna da ciwon bakkale, shi ma yana cin ƙashin baya na ƙasa. Mai sikila, musamman nau'in SC da ke kaiwa tsufa, yana da matattun wurare a ƙashi da suke fari a sikana kamar yaɗuwar ciwo. Hoton teknesiyom ba ya rarrabe ko ɗaya daga cikinsu, shi dai duk inda ƙashi ke gyara kansa sai ya haska: amosanin gaɓɓai, tsohuwar karaya, haƙorin da ya ruɓe. Ɗigo uku a jere a kan haƙarƙari uku maƙwabta, a tambayi mutum ko ya taɓa faɗuwa daga kabu-kabu. Ɗigon da ke kan ƙashin mara, a sa shi ya canja wando a wanke fata a sake ɗauka, domin bayan wannan aiki da yawa fitsari yana ɗiga musu, sinadarin kuma ta fitsari yake fita.

Sai hoton TEP (PET) na PSMA, da ake ɗauka tare da sikana bayan allurar wani sinadari mai haske, wanda iyalai ke haɗa kuɗi su kai mutum Tunis, Kasabalanka, Alƙahira ko Indiya dominsa. Sinadarin yana manne wa wani furotin mai suna PSMA da ke saman ƙwayoyin ciwon furostat, kuma babu hoton da ya kai shi ganin ciwo a ƙaramin PSA. Amma a san iyakarsa kafin a sayar da gona. A binciken da aka buga a 2019 a kan mutum 635 da sinadarin galiyom, ya gano wurin ciwo a kashi 38 cikin 100 na masu PSA ƙasa da 0,5, kashi 57 tsakanin 0,5 da 1, kashi 84 tsakanin 1 da 2, kashi 97 daga 5 zuwa sama. Wato a adadin da gashi ya fi amfani, 6 cikin 10 za su dawo da hoto fes alhali ciwon yana nan. Kaluluwar da ba ta kai milimita 4 ko 5 ba tana kuɓuce masa, kuma kashi 5 zuwa 10 na ciwukan furostat ba sa ɗauke da furotin ɗin sosai.

Fitsari ne babban abokin gabansa. Sinadarin galiyom ta ƙoda yake fita, mafitsara ta cika da haske, hasken ya rufe wurin ɗinkin da ke manne a ƙarƙashinta, wani lokaci har ya yi baƙin rawani kewaye da ita ya shafe abin da ke kusa. Don haka ake ba mutum ruwa kamar rabin lita, a yi masa allurar furosemid mai sa fitsari, miligiram 20, ya yi fitsari dab da hawa injin awa 1 bayan allurar sinadari, a fara ɗauka daga ƙugu a haura. Ɗigon fitsari da ya tsaya a bututun da ke saukowa daga ƙoda yana kama da kaluluwa sak, musamman inda bututun ya haye jijiyar ƙugu, kuma wanda tsargiya ta matse masa bututu ya fi kowa wannan. In aka sake ɗauka bayan ɗan lokaci, fitsari ya gusa, kaluluwa tana nan.

Ƙullin jijiyoyin laka ma suna shan sinadarin. Na ciki yana kusa da saman ƙoda, ya fi fitowa a hagu, siffarsa kamar ɗigon hawaye ko ɗan zare. Na gindin wuya yana zaune daidai inda ake neman kaluluwar da ke nuna ciwo ya yi nisa. Akwai kuma na gaban ƙashin gindi. Duk wanda aka karanta a matsayin yaɗuwa, an mayar da mai iya warkewa mai jiran lallaɓawa. Kaluluwar tarin fuka a ƙirji tana haske. Ciwon dajin hanta, wanda ciwon hanta nau'in B ya sa ya yawaita a ƙasarmu, yana haske, haka na ƙoda da na huhu. Likitan da ke karatu a ƙasar da waɗannan cututtuka suka yi ƙaranci ba zai kawo su a rai ba sai an rubuta masa.

A tambayi sunan sinadarin da za a yi amfani da shi. PSMA-1007 ta hanta yake fita, saboda haka mafitsara ba ta rufe wurin ɗinki, wannan alheri ne. Aibinsa yana yawan haska ɗigo a haƙarƙari da ƙashin ƙugu ba tare da wani ciwo ba.

Wani kuskuren tun daga gida ake yin sa. PSA ya hau, hankali ya tashi, sai a fara wa mutum maganin da ke danne sinadarin namiji, Casodex ko allurar Zoladex ko Decapeptyl, "kafin a shirya tafiya". Cikin makonni PSA ya faɗi, bayan watanni ƙullin ya motse, IRM da TEP su kasa ganin abin da da za su gani. Ga wanda ba shi da alamar gaggawa, hoto ne a gaba, magani a baya, kuma tazarar kada ta yi tsawo. In an riga an fara, a rubuta ranar farawa da ranar allura ta ƙarshe. A sani kuma hoton ƙashi na watanni 3 na farko bayan fara magani yana iya ƙara haske saboda ƙashi yana warkewa. Ciwon baya mai tsanani da rashin ƙarfin ƙafafu ko riƙewar fitsari da bayan gida shi ne ba ya jira: IRM ta ƙashin baya a ranar, magani nan take.

Wanda zai yi tafiya ya riƙe takardar aiki, da ta binciken nama, da duk sakamakon PSA da kwanakinsu, da faifan CD na tsofaffin hotuna. Hoton fim da aka ɗaga wa taga aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp ba ya karantuwa, don ba a iya bin yanka ɗaya bayan ɗaya, balle a auna. Tsohon faifan shi ke warware rikicin ɗigo guda a haƙarƙari. A buɗe sikanar da ke tare da TEP a dubi ƙashin a daidai wurin: layin karaya da ya haɗe, ko ɗan rami mai santsin baki, ko babu komai. A ɗauko sikanar kafin aiki a kwatanta. In abin yana nan shekara 3 da suka wuce bai canja ba, ba ciwon da ya dawo ba ne. Mafi yawan irin wannan ɗigo tilo, mai raunin haske, a mutumin da PSA ɗinsa bai kai 1 ba, ba ciwon daji ba ne. In shakka ta rage a yi IRM ta wurin ko a ɗebo nama, in kuwa ba hali a yi gashin wurin aiki yadda aka tsara, a sake auna PSA bayan wata 3 a labon da aka saba.